Matar Soja da Tashinta na Farko: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Aikin soja ba ya barin mutum wuri ɗaya. Yaron da aka ɗauka daga gunduma, aka hore shi a Zariya, inda makarantar kuratan soja take tun 1924, ana iya tura shi Ikko, ko Inugu, ko Fatakwal, ko Maiduguri, ba kuwa za a shawarce shi ba. In ya yi aure a gida, ran da ya sami ɗaki a bariki sai ya aiko a kai masa iyalinsa. Shi ya riga ya saba. Ita kuwa watakila ba ta taɓa kwana nesa da garinsu ba.

Nisan hanya ƙaramin abu ne. Abin da ke cin ranta shi ne rabuwa da mutanenta. A gida tana da uwa, da inna, da goggo. In sun sami saɓani da miji akwai inda za ta kai kuka, in zazzaɓi ya kama ta akwai mai dama mata kunu. A bariki kuwa ɗakuna a jere suke, babu zaure, babu katanga, sau da yawa ma famfo na tarayya ne. Maƙwabciyarta ta dama Bayarabiya, ta hagu 'yar Tibi, ita kuwa ba ta jin ko kalma guda ta Turanci. Wadda ta tashi a gidan kulle sai ta ji kamar an fizge mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Ga miji ya fita fareti tun da asuba, wata rana kuma a tura shi bakin daga, a yi watanni ba a gan shi ba.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga tana kuka ba dalili, ta rage cin abinci, barci ya ƙaurace mata. Wannan kewar gida ce. Ba sammu ba ne, ba iskoki ba ne, ba kuma ƙin miji ba ne. Galibi takan yi sauƙi da zarar mace ta sami abokiyar hira da abin yi. Amma in abin ya daɗe, tana ta ramewa, ko aka ji tana cewa ta gaji da duniya, to, lalle a kai ta ga likitan bariki, kada a tsaya jira.

Matan bariki suna da shugaba, ana ce da ita Magajiya. Ita ke sulhunta su, ita ke kula da tsabtar layi, ita ce kuma ke isar da kukansu ga manyan soja. Ya kamata baƙuwa ta fara gaishe ta, kamar yadda baƙo ke gai da mai unguwa. A nan akwai abin lura. A garuruwanmu akan kira shugabar mata masu zaman kansu da wannan suna, kalmar bariki kuma ta daɗe da baƙin jini a bakin dattawa. Yarinyar da aka cika wa kunne da irin wannan magana kafin ta tashi takan kulle kanta a ɗaki, ta guji matan da za su ɗebe mata kewa, alhali kuwa matan aure ne kamarta.

Sana'a ita ma magani ce. A 1959 an kai wani kofur, Anthony Ochefu, barikin Inugu. Matarsa Mammy, 'yar ƙabilar Idoma, ta shiga sayar wa soja kunu. Daga sunanta aka sami "Mammy Market", watau kasuwar da ake ci yanzu a barikokin ƙasar nan. Mai iya ƙosai, ko kitso, ko ɗinkin hula ba ta rasa masu zuwa ƙofarta, ciniki kuwa shi ke kawo sabo.

To, ina hannun Hakimi a ciki? Wurinsa iyaye ke zuwa in 'yarsu ta bugo waya tana kuka, wasu har su ce a je a ɗauko ta. Abin da ya dace shi ne ya sa su bincika tukuna. In duka ne ko horon yunwa, wannan ƙara ce, sai a bi ta inda ta dace. In kewa ce kawai, ɗauko ta ba ya warkar da kome, don wani tashin yana nan tafe. Gara a tura mata ƙanwa ko wata dattijuwa ta zauna da ita mako biyu ko uku, a riƙa kiranta a kai a kai, a kuma daidaita da mijin tun da wuri a kan ko za ta zo gida wankan jego.

Malamin Hakimi kuma ya tabbata ba ta tashi ba sai da takardar shaidar aure a hannunta. Ya rubuta cikakken sunan mijin, da lambarsa ta soja, da bataliyarsa a littafi. Ya kuma tuna wa mijin ya sa sunan matarsa a takardunsa na aiki, domin in ta Allah ta kasance a bakin daga, da abin da ke rubuce hukuma za ta yi aiki.