Lambun Furanni a Jalingo: Daga Bazara zuwa Marka

Idan ka zaga unguwannin Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, za ka ga gidaje da dama da aka ƙawata da furanni. Wasu sun dasa lalle a jikin katanga, wasu sun jera tukwane a bakin ƙofa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne irin gwagwarmayar da waɗannan tsire-tsire suke yi tsakanin watan Maris da watan Satumba. A cikin waɗannan watanni fure yakan fuskanci abokan gaba biyu masu saɓanin hali. Na farko ƙishirwa ce, na biyu kuwa ruwan da ya wuce kima.

Abin da ke juya yanayi

Iska iri biyu ce ke mallakar sararin samaniyar Nijeriya. Ɗaya tana busowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, ɗauke da ƙura, ita ce iskar hunturu. Ɗayar tana tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atilantika, ɗauke da laima. A Jalingo iskar hamada ce ke da iko daga Nuwamba zuwa Maris. Daga nan sai iskar teku ta fara turo ta arewa a hankali. Lokacin da suke wannan ture-ture shi Bahaushe ke kira bazara.

A watan Maris da Afrilu zafin rana yakan kai ma'aunin Salshiyos 40 a wasu ranaku. A tsakiyar Afrilu rana takan tsaya daidai tsakar ka da azahar, inuwa ta taƙaita. Damina takan kankama a watan Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ta ɗauke a Oktoba. Ruwan da garin ke samu a shekara ya kai wajen milimita 1,000, amma kusan dukkansa yana sauka ne cikin wata shida.

Fure a bazara

A bayan kowane ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwan da saiwa ta tsotso yake fita ya bi iska. Idan zafi ya tsananta, ruwan da ke fita yakan fi wanda ke shiga, sai ganye ya yi yaushi, furen da bai buɗe ba ya kaɗe. Wanda ke cikin tukunya ya fi shan wuya, domin ƙasarsa kaɗan ce, tana saurin bushewa.

Saboda haka ka yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, lokacin da rana ba za ta shanye shi nan da nan ba. Ka zuba a gindin tsiron, ka bari ya ratsa ƙasa sosai. Yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan a sama yana sa saiwa ta tsaya kusa da doron ƙasa, inda zafi ya fi yawa. Sannan ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, don laima ta daɗe. Sai dai kada abin rufin ya taɓa karan tsiron, kuma ka riƙa dubawa saboda gara. Tukwane kuwa ka mayar da su inda za su sami hasken safe, su tsira daga ranar azahar.

A wannan lokaci rijiyoyi sukan ja baya, gidaje da yawa su koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Kada ka zubar da ruwan wankin shinkafa ko na ganyen miya, yana da amfani ga lambu. Ruwan da ke da gishiri ko sabulu mai yawa kuwa yana lalata ƙasa.

Tarkon ruwan farko

Wata rana a Afrilu hadari zai haɗu, iska mai ƙarfi ta taso, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai gaggawa sai ya ce damina ta sauka, ya fito da 'yan tsire-tsirensa ya dasa. Sau da yawa bayan wannan ruwa sai sama ta yi tsit har mako biyu ko fiye, zafi ya dawo, dashen ya ƙone. Manoma sun daɗe da sanin wannan tarko. Ka jira har ruwa ya jera, ƙasa ta jiƙe zurfin hannu, kafin ka yi dashe. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran saukarta a kowace jiha. Yana da kyau ka saurare shi a rediyo. Kafin iskar bazara ta zo kuma, ka kafa wa tsire-tsire masu raunin kara sanda, ka rage rassan da suka yi nauyi.

Fure a marka

Marka ita ce tsakiyar damina, lokacin da akan wuni ana ruwa ba a ga rana ba. Jalingo tana gindin duwatsu, ruwan da ya gangaro yakan cika kogin Lamurde da Mayo-Gwoi, har ya yi ambaliya, kamar yadda ya faru a watan Agusta na 2005. A lambun gida ma ruwa yakan kwanta. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Idan ruwa ya toshe ƙasa kwana da kwanaki, sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya yi yaushi.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna ganin yaushi sai su ƙara ruwa, alhali ruwan ne ya kawo cutar. Kafin ka ɗauki bokiti, ka tura yatsa cikin ƙasa. Idan ka ji danshi, ka dakata. Ka tabbata kowace tukunya tana da huda a ƙasa, ka ɗora ta a kan duwatsu. Idan ƙasar gidanku laka ce, ka gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, ka ɗaga kunya, ka yi wa ruwa hanya. Kada ka bar ruwa ya kwana a gwangwani ko kasko, domin cikin kwana goma sauro zai iya ƙyanƙyashewa a ciki ya kawo zazzaɓin cizon sauro.

Zaɓen abin shukawa

Ba kowane fure ne ya dace da kowane wuri ba. Wardi yana son sanyi, shi ya sa ya fi jin daɗi a tsaunin Mambila, inda ake noman ganyen shayi, a kan Jalingo. Lalle yana jure fari, furensa kuma yana da ƙamshi. Kariya tana ajiye ruwa a kututturenta, takan yi fure ja-ja da rani, amma marka na iya ruɓar da ita, kuma ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta daga yara. Yakuwa da ɗoɗɗoya kuwa 'yan damina ne, suna ƙawata gida, suna shiga tukunyar miya.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mai lambun kirki yakan shirya wa bazara tun da hunturu, ya shirya wa marka tun da bazara.

Tambayoyi

1. Waɗanne iskoki biyu ne ke juya yanayi a Nijeriya?
2. Me ya sa ba a son dashe bayan ruwan farko?
3. Kawo dalilai biyu da ke sa ganye yaushi.
4. Rubuta sunayen furanni uku da ake shukawa a garinku.