Gidan Mari, Dawanau da "Wankin Jini": Gaskiya da Ƙarya Kan Jinyar Masu Shaye-shaye a Kano

Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Jakara zuwa Ƙofar Na'isa, da wuya a sami unguwa a cikin birnin Kano da babu gidan da ke fama da ɗa ko 'ya da ƙwaya ta kama. Idan tura ta kai bango, dangi sukan zauna a yanke shawarar inda za a kai shi, kuma yawanci shawarar tana dogara ne da abin da aka ji a majalisa, a gidan biki ko a WhatsApp. Daga cikin waɗannan maganganu akwai na gaskiya, akwai masu rabin gaskiya, akwai kuma waɗanda bin su kan jawo asarar rai. Ga bakwai da aka fi ji.

"Kwalbar kodin miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa"

Wannan adadi ya fito ne daga zauren Majalisar Dattawa a 2017, ya kuma ƙara yaɗuwa bayan binciken BBC kan kodin a 2018, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Sai dai lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba. Binciken ƙasa baki ɗaya da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 2.4 ne a duk Nijeriya suka sha maganin tari don maye a cikin shekara guda. Kafin jihohi biyu su shanye kwalba miliyan 3 a rana, sai an tattaro dukkan waɗannan mutane a Kano da Jigawa, kowa ya sha fiye da kwalba kullum.

Girman matsalar kuwa gaskiya ne. Binciken ya ce mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 ke amfani da ƙwayoyi a ƙasar, kuma a jihar Kano kashi 16 cikin 100 ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Ya kuma nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu amfani da ƙwayoyin ne abin ya zame masa ciwo. Ma'ana, ba duk wanda aka kama da wiwi a aljihu ne yake buƙatar a kwantar da shi ba. Da yawa zuwa ganin likita da mai ba da shawara daga gida ya ishe su.

"Gidan mari ne kaɗai ke gyara kangararre"

Abin da ke gaskiya a nan shi ne, wanda aka ɗaure ba ya samun ƙwaya, don haka idan iyaye suka ziyarce shi sai su gan shi shiru, su ce ya shiryu. Amma rashin samu daban, warkewa daban. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Aka biyo da irin wannan samame a Daura da Katsina, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe gidajen mari. Ɗauri bai tsaya ga gidajen malamai ba: fim ɗin BBC na 2018 ya nuna matasa a ɗaure a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi.

Duka da yunwa ba sa taɓa dalilin da ya kai mutum ga shaye-shaye, sai ma su ƙara masa firgici da ƙullatar iyayensa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna ƙarfafa zuciyar mai jinya, likitoci ma ba sa hana su; sarƙa da bulala ne ba su da gurbi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta ba irin waɗannan majinyata haƙƙin a kula da su cikin mutunci.

"A kulle shi a ɗaki sati biyu, abin zai fita daga jikinsa"

Wannan ce mafi haɗari, kuma amsarta ta danganta da abin da yake sha. Wanda ya daɗe yana shan giya sosai, idan ya yanke lokaci ɗaya, jikinsa kan fara rawa da zufa. Cikin kwana biyu zuwa uku yana iya jijjiga, ya rikice, ya riƙa ganin abubuwan da babu su, kuma yana iya mutuwa. Haka ma mai shan ƙwayoyin barci irin su diazepam da Rohypnol, wanda matasa ke kira roci. A asibiti ana rage su ne sannu a hankali, likita na lura.

Mai kodin da tiramol kuwa, dainawa kan zo masa da ciwon gaɓoɓi, gudawa, amai da rashin barci. Wahala ce mai tsanani, amma ba kasafai take kisa ba. Haɗarinsa yana zuwa ne bayan an buɗe ƙofa. Makonnin da ya yi bai sha ba sun rage wa jikinsa juriya. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa a ƙasashe da dama aka tabbatar cewa makonnin farko bayan fita daga gidan yari ko gidan jinya su ne suka fi yawan mutuwa ta wannan hanya.

"Akwai allura da ƙarin ruwa da ke wanke jini"

Ƙarya ce, kuma ana cin kuɗin iyaye da ita. Hanta da ƙoda ne ke fitar da ƙwaya daga jini, yawanci cikin kwanaki ko 'yan makonni. Ƙarin ruwa yana taimakon wanda amai da gudawa suka galabaitar, iyakarsa ke nan. Ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa ne, wadda ta saba neman ƙwayar duk lokacin da rai ya ɓaci ko aka haɗu da tsofaffin abokai.

Don haka matakin farko na jinya, wato kwana bakwai zuwa goma na raba jiki da ƙwaya, shimfiɗa ce kawai. Ainihin aikin yana biyo baya: zama da masanin halayyar ɗan Adam, tattaunawa cikin rukuni da masu irin matsalar, zama da iyaye, magance ciwon damuwa idan akwai, gwajin ciwon hanta da ƙanjamau, da koyon sana'a. Akwai magunguna na gaskiya, irin su methadone da buprenorphine ga masu dangin kodin, da naltrexone ga masu giya, amma likita ne ke rubuta su. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana nuna cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba, a kwance ko daga gida, amfaninta kaɗan ne.

"Duk wanda aka kai Dawanau mahaukaci ne"

Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wanda yanzu yake hannun gwamnatin tarayya, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna karɓar masu shaye-shaye saboda likitocin wannan fanni su ne suka karanci ciwon. Gaskiya ne wiwi mai yawa na iya jawo taɓin hankali ga wasu, musamman waɗanda suka fara da ƙuruciya. Amma mafi yawan masu neman dainawa hankalinsu ƙalau. Tsoron kada a ce "gidan wane akwai hauka", kada a fasa auren ƙannensa mata, shi ke sa a ɓoye yaro har sai abin da ake gudu ya auku.

Wannan ɓoyo ya fi yawa a kan mata. Binciken 2019 ya nuna ɗaya cikin huɗu na masu amfani da ƙwayoyi mace ce, amma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke isa wurin jinya. Matar aure da ke shan maganin tari a ɗakinta tana buƙatar likita kamar yadda ɗan daba yake buƙata.

"Ka kai shi NDLEA, ka kai shi gidan yari"

Rabin gaskiya. Mallakar ƙwaya da sayar da ita laifi ne a dokar wannan hukuma ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989. Amma hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, daban da sashen kame, inda iyaye kan kai 'ya'yansu da kansu, kuma tana da layin waya na kyauta don neman taimako. Gwamnatin jiha ma tana da cibiyar gyaran hali a Kiru. Wanda yake da alamun jijjiga ko rikicewa dai, asibiti za a fara kai shi.

"Ya koma sha, an yi asarar kuɗi"

Ƙididdigar masana ta nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi jinya sukan sake sha, kwatankwacin yadda masu hawan jini da asma kan sake tashi da ciwo idan suka saki magani. Komawa alama ce ta a sake duba jinyar. Yaron da aka sallama ya dawo lungun da dilansa yake, babu aiki, babu makaranta, ana nuna shi da baki, an mayar da shi inda ya fara. Nan ne aikin iyaye, mai unguwa, limami da masu sana'a yake: wanda zai ɗauke shi koyon ɗinki ko kafinta, wanda zai raka shi asibiti ranar da aka ba shi, wanda zai kira idan sha'awar ta motsa.

Kafin ku miƙa ɗanku ga kowace cibiya, ta gwamnati ko ta kuɗi, ku tambaya: tana da rajista? Akwai likita da ma'aikatan jinya? Za a bar ku ku shiga ku ga ɗakin kwana, ku kuma gana da shi ku kaɗai? Wane tsari suka tanada bayan sallama? Wurin da ya hana ku gani, ko ya yi muku alƙawarin warkewa cikin sati guda, ku koma gida da ɗanku ku nemi wani.