Daga Gambo Sawaba Zuwa Yau: Gardamar Haƙƙin Mata

Duk wanda ya ratsa ta gaban Lugard Hall a Kaduna ya ga zauren da wakilan Jihar Arewa suka zauna suna yin dokoki. A wancan zamani mace ba ta da ƙuri'a a Arewa, alhali matan Kudu sun jefa tasu a zaɓen 1959.

Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, ta fito fili tana neman ƙuri'a da ilmin 'ya'ya mata, tana sukar auren wuri. Ta sha duka, ta sha ɗauri. Waɗansu suka ce neman suna take yi. Su kuwa matan da suka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna cikin 1963 sai suka bi hanyar lalama, watau makaranta da taimakon marayu.

Sai a 1976 matan Arewa suka sami ƙuri'a. A 2019 kuma Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamnan Kaduna.

Yau idan 'yar fim ta yi maganar haƙƙin mata a intanet, zargin da aka yi wa Gambo shi ake yi mata, har a ƙara da cewa kwaikwayon Turawa ne. To, jama'a, suna linzami ne, amma ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne amfanin da maganar ta bari.

Malam, buɗe rajistar makarantarka. 'Yan mata nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai ƙarshe? A nan ake yanke wannan gardama.