Fetur mai gaurayen etanol: abin da yake yi wa injin ban ruwa, babur da tsohuwar mota

Da zarar damina ta ja baya, masu lambu sukan fara fiddo injinan ban ruwa daga ɗaki, kuma kowace shekara labarin ɗaya ne a wurin makanikai, daga Kona zuwa Tasawa har Mayahi. Injin da aka ajiye lafiya lau, yau an ja igiya har kafaɗa ta gaji, ya ƙi tashi. A kwance kabureta a tarar da wani abu kamar danƙo, ko farin gari kamar kanwa, ko ɗigon ruwa kwance a ƙasan kofin. Mai inji ya ce an sayar masa da gurɓataccen mai, mai sayarwa ya rantse bai zuba komi ba. Sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗi. Fetur, ko esans kamar yadda muka saba cewa, in ya daɗe a ajiye yana lalacewa da kansa. Sai dai akwai wani sinadari da ke ƙara saurin lalacewar, wanda kuma kullum sai ƙaruwa yake yi a cikin man da ke yawo a kasuwar duniya. Sunansa etanol.

Etanol barasa ce. Ana samun ta daga rake, masara ko rogo, a tsima su, a tace, sannan a zuba mata abin da zai hana a sha. Ƙasashe da dama suna gauraya ta da fetur don su rage kuɗin sayo mai daga waje, su sama wa manomansu kasuwa, su kuma rage wani ɓangare na hayaƙi. Idan ka ga an rubuta E10 a jikin famfon gidan mai, ma'anarsa cikin kowace lita 100 har lita 10 na iya zama etanol. Brazil ta rungumi wannan hanya tun 1975, kuma daga watan Agusta na 2025 gaurayenta ya kai kashi 30 cikin 100. A Amurka kusan duk fetur ɗin da ake sayarwa E10 ne. Faransa ta fara sayar da shi a 2009, Ingila a watan Satumba na 2021, Indiya kuwa ta kai kashi 20 a 2025, masu motoci na ta ƙorafi. Ƴan'uwanmu da ke waɗannan ƙasashe sun san alamar, kullum suna ganinta.

To mu ina ruwanmu, tunda muna da matatarmu? Gaskiya ne, tun ƙarshen 2011 matatar SORAZ ta Damagaram take aiki, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, SONIDEP kuma tana rarrabawa. Amma kowa ya san ba duk man da ke shiga tankunanmu ne ya biyo ta gidan mai ba. Shekara da shekaru ƴan ruwa-ruwa ne ke riƙe da ƙauyuka da man da ke tsallako iyaka daga Najeriya. Da aka cire tallafin mai a can a ƙarshen watan Mayu na 2023 sai lissafin ya juya, a 2024 gwamnatinmu ta sauko da lita zuwa sefa 499, a watan Maris na 2025 kuma aka shiga ƙarancin da ya sa sai da aka nemo mai daga waje. Wato man da ke cikin kwalbar bakin hanya, yau daga nan yake, gobe daga can, kuma kwalba ba ta da rubutu.

Maƙwabtanmu sun ɗanɗana abin har sau biyu. Najeriya ta fitar da tsarin E10 a takarda tun 2007, amma abin da jama'a suka fi tunawa shi ne 2008, lokacin da aka sauke wani fetur mai etanol fiye da kima a Legas, motoci suka riƙa mutuwa a kan hanya. Sai kuma farkon 2022, da aka shigo da mai daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam ɗauke da metanol, wata ƴar'uwar etanol wadda ta fi ta cin ƙarfe da roba, ga ta kuma guba. Shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi wa mai a tashar jiragen ruwa bai haɗa da auna metanol ba. Aka janye man daga kasuwa, layi ya yi makonni a gidajen mai. Idan abu ya iya wuce masu awo a bakin teku, ba jarkar ƙauye ce za ta tare shi ba.

Babbar matsalar etanol ita ce ƙaunar ruwa. Fetur zalla ba ya haɗuwa da ruwa, amma etanol tana jawo shi, har daga danshin iska. Tankin inji yana numfashi ta ƴar kafar murfinsa: da rana iska ta fita, da dare mai sanyi ta shigo da raɓa. Lokacin hunturu, da iska ke bushe ƙarau, abin da sauƙi. Da damina kuwa, daidai lokacin da injin lambu ke kwance a ɗaki, kullum sai an ƙara ɗigo. Ga kuma jarkar da aka ɗauraye ba ta gama bushewa ba, da duro da ya kwana a waje ruwan sama ya taru a kan murfinsa.

In ruwan kaɗan ne, etanol takan riƙe shi, ya bi mai ya ƙone ba tare da an sani ba. A nan ma taimako ta yi. Amma tana da iyaka. Ga E10, iyakar tana wajen rabin lita na ruwa cikin lita 100 na mai. A jarka mai lita 20, ƙaramin kofin shayi ɗaya ko biyu ke nan. A tankin injin ban ruwa mai cin lita uku zuwa huɗu, cokalin cin abinci ɗaya ko biyu ya isa. Da an wuce wannan iyaka sai man ya rabu gida biyu: etanol ta bar fetur ta bi ruwa, su kwanta tare a ƙasa. Ina bakin tiyon da ke kai mai kabureta yake? A ƙasa. Ke nan abin da inji zai fara zuƙa in an ja igiya ba mai ba ne, ruwa ne da barasa. Fetur ɗin da ya rage a sama shi ma ya yi rauni, don etanol ɗin da ta gudu tana cikin abin da ke ba shi ƙarfin jure matsi, sai ka ji inji yana ƙwanƙwasa in ya ɗauki nauyi. Girgiza jarka ba ya maido shi yadda yake. Wannan ruwan da ya kwanta shi ne ke sa tankin ƙarfe tsatsa, shi ne kuma ke cin jikin kabureta ya bar farin garin nan.

Abin ya fi muni ga injinan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, irin ƙaramin janareton cajin waya da zarton inji. Baƙin man yana zama ne tare da fetur a sama. In inji ya zuƙi na ƙasa, fistan zai yi ta gudu babu abin da ke sa masa santsi, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci kafin ya kame.

Sai maganar roba. Tsofaffin tiyon mai, da zoben roba, da ƴar fatar cikin kabureta, ba a yi su don barasa ba. Wasu su kumbura su yi laushi, wasu su bushe su tsage. Tiyon da ke ɗigar da mai a kan inji mai zafi, a lambun da ke kewaye da dannin kara, kowa ya san ƙarshen labarin. Etanol kuma tana wanke datti. Wani zai ce ai wannan alheri ne. Ga sabon tanki, e. Ga tankin da ya shekara goma yana tara tsatsa da laka, duk abin da ta kankaro sai ya tafi ya toshe matacin mai ko kafar kabureta, wadda ba ta fi kafar allura ba.

Akwai kuma zafi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin etanol iskar oksijin ce, saboda haka in ta shiga, wutar cikin inji takan samu iska fiye da yadda aka tsara mata. Motar zamani tana da kwamfuta da ke lura ta ƙara mai. Kabureta ba ta san an canza komi ba, yadda aka saita ta haka za ta ci gaba da bayarwa. Sakamakon shi ne inji ya yi zafi fiye da kima, kuma injin ban ruwa da babur iska ce kawai ke sanyaya su. Ku auna wannan da zafin watan Afrilu a nan, da ma'auni ke wuce 40, inji yana aiki tun hantsi. Wannan ne ya sa a Amurka, inda suka fi kowa noman masarar etanol, doka ta hana zuba E15 a babur, da ƙananan injina, da motocin da aka ƙera kafin 2001.

Cin mai, wanda shi aka fi yin surutu a kai, a ganina shi ne ƙaramar matsala. Etanol tana da ƙarancin ƙarfi da wajen kashi ɗaya cikin uku in aka gwada ta da fetur, don haka E10 yana rage tafiya da kamar kashi 3 cikin 100. Babur ɗin da ke yin kilomita 40 da lita ɗaya zai rasa kilomita ɗaya da ɗan wani abu. Ɗan kabu-kabu zai ji shi a ƙarshen wata, amma ba ya kai asarar mai lambun da injinsa ya tsaya kwana uku tumatir yana fure.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya zuba irin wannan mai ya shiga uku. Galibin motocin da aka ƙera daga shekarar 2000 zuwa yau suna shan E10 lafiya, manyan kamfanonin ƙananan injina irin su Honda sun yarda da shi muddin bai wuce kashi 10 ba, kuma abin hawan da ke aiki kullum ba ya ba mai lokacin tara ruwa. Injin niƙa da tarakta masu shan gazuwal ba su cikin wannan magana sam. Waɗanda ke cikin haɗari su ne tsofaffin motoci masu kabureta, irin su Peugeot 504 da ke jigilar ƴan kasuwa tsakanin ƙauyuka, da duk injin da ke aiki wata huɗu ya kwanta wata takwas.

Ana iya gwada mai a gida, ba sai da na'ura ba. A samu kwalba siririya mai haske, a zuba ruwa kashi ɗaya, a ja layi daidai inda ya tsaya. A ƙara fetur kashi tara, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye minti goma. Idan ruwan ya koma kan layinsa, babu barasa a ciki. Idan ya hau sama, akwai ta, don ta baro fetur ta bi ruwan. Ga E10 ruwan yakan kusa ninka tsayinsa, in ya wuce haka to gaurayen ya yi yawa. A yi wannan a fili, nesa da murhu da mai shan taba. Gwajin ba ya bambanta etanol da metanol, ba ya kuma kama wanda ya zuba kananzir, wannan wata ɓarna ce daban. Kuma kada wani ya ce zai riƙa wanke mansa da ruwa ta wannan hanya don ya cire etanol, abin da zai rage masa raunanan mai ne. Ko ba gwaji, kwalbar ruwa-ruwa tana da fa'ida ɗaya: ana ganin cikinta. A ɗaga ta a rana kafin a biya. Mai da ya yi hazo-hazo, ko wanda aka ga wani layi kwance a ƙasansa, a bar wa mai shi abinsa.

Sauran duk maganar ajiya ce. Kada mai lambu ya sayi man da ya wuce na wata ɗaya, ko da ya ji ana raɗe-raɗin tsada. Jarka ta kasance busasshiya, a rufe ta ruf, a sa ta a inuwa. Ranar da aka gama ban ruwa na ƙarshe, a juye abin da ya rage a tanki a zuba wa babur, a tada inji a bar shi ya ci na cikin kabureta har ya mutu da kansa, sannan a kwance ɗan kusan da ke ƙasan kofin a tsiyaye sauran. Aikin minti goma ne. Waɗanda suka mai da injinansu masu aiki da tukunyar gas sun huta da yawancin wannan wahala, sai dai su ne kuma suka fi mantawa da tsohon fetur a tanki, sai ranar da gas ya yanke su neme shi.

Ga ƴan'uwa da ke waje masu aiko da inji ko kuɗin sayensa: ku duba murfin tanki ko littafin da ya zo da shi, galibi an rubuta yawan etanol ɗin da yake ɗauka. In littafin da Faransanci ko Turanci yake, ku karanta wa mai lambu ta waya, don shi ba lalle ya buɗe shi ba. In da hali, ku haɗo da tiyon mai na zamani mita ɗaya, da matacin mai biyu ko uku, da buji. Ba su da nauyi a jaka, kuma su ne ke fara mutuwa.