Ciwon gaɓoɓi: yaushe ake sa sanyi, yaushe ake gashi?

Iyayenmu da 'yan'uwanmu mazauna sansani, sau da yawa a ofishin kariya muna jin dattijo ko dattijuwa ta ce ba ta samu zuwa tantancewa ko rabon abinci ba saboda gwiwa ta hana ta tashi. Da yawa daga cikinmu mun yi doguwar tafiya a ƙasa kafin mu iso nan. Yanzu kuma ga kwana a kan tabarma, ga ɗaukar jarka daga famfo, ga tsayuwar layi. Shi ya sa muka tattaro wannan bayani daga shawarwarin ma'aikatan lafiya.

Mun saba kiran wannan ciwo "sanyin ƙashi", don haka da yawa ke gudun duk abin da ke da sanyi. Amma ciwon iri biyu ne. Idan gaɓa ta kumbura, ka taɓa ka ji ta fi sauran jiki ɗumi, sanyi take so, domin yana rage kumburi ya kuma kwantar da zafin. Idan kuwa ta yi tauri ne kawai ba kumburi, musamman da asuba ko lokacin hunturu, gashi da ruwan ɗumi ya fi.

Ba sai da firji ba. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa, a ɗora a kan gaɓar, a sake jiƙawa idan ya ɗumama. Wanda ya samu ƙanƙarar leda ya naɗe ta a zane tukuna, kada ta taɓa fata kai tsaye. Minti 10 zuwa 15 sun isa, sau biyu ko uku a rana.

A kula sosai: mai sikila kada ya sa sanyi ko kaɗan, domin sanyi yana tayar masa da ciwon. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin taɓi, shi ma ya bar ƙanƙara da ruwan zafi, don zai iya jin rauni bai sani ba. Haka kuma ba a sawa a kan miki.

Sanyi da gashi sauƙi kawai suke kawowa. Abin da ke riƙe gaɓa shi ne motsi. Idan mutum ya yini a kwance, naman cinya yana raunana, nauyin jiki ya koma kan gwiwa, ciwo ya ƙaru. Ga kuma zullumi: tunanin gida da na waɗanda muka rabu da su yana hana barci, wanda bai yi barci ba kuwa ya fi jin ciwo. Motsa jiki yana taimaka wa gaɓa da zuciya gaba ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a kwana 5. Wanda bai iya ba ya fara da minti 5 ko 10, da safe ko bayan la'asar. A zauna a benci, a miƙe ƙafa ɗaya, a ƙirga zuwa 5, a sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa. Mai ciwon yatsu ya riƙa buɗe su yana dunƙulewa cikin ruwan ɗumi. Idan ciwon ya ƙaru har ya wuce awa 2 bayan an gama, an yi da yawa, gobe a rage. A nemi abokin tafiya, domin hira ita ma tana rage damuwa.

Idan gaɓa ta kumbura farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko mutum ya kasa taka ƙafa, a tafi asibitin sansani a ranar. Kada a dogara da ƙwayoyin 'yan tebur: yawan shan diclofenac da ibuprofen yana iya jawo gyambon ciki ya kuma lalata ƙoda, tramadol kuwa yana kama mutum ya kasa bari.

Duk gidan da ke da wanda ciwo ya hana shi fita, a sanar da ofishin kariya domin a rubuta shi cikin masu buƙata ta musamman. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.