Makunnan Jikin Giyabos: Inda Suke da Yadda Ake Gane Cutarsu

Giyabos ɗin mota ba ƙarfe da mai kaɗai ba ne. A jikinsa akwai 'yan makunnan wuta masu sanar da sauran sassan mota giyar da direba ya saka. Ƙanana ne, amma idan ɗaya ya lalace sai a ɗora laifin a kan batir ko kik, wani lokacin har a ce a sauke giyabos.

Mafi sauƙi shi ne makunnin fitilar ribas a mota manuwal. An ɗaure shi kamar noti a jikin giyabos, da wayoyi biyu, a bakinsa kuma akwai ɗan kai wanda sandar giya ke dannawa idan an saka ribas. In fararen fitilun baya suka daina kamawa, ana fara duba ƙwai da fiyus. In lafiyarsu lau, sai a ja birkin hannu, a murɗa makulli ba tare da an tada injin ba, a zare soket ɗin makunnin, a haɗa bakunansa biyu da guntun waya. Fitila ta kama? Makunnin ne ya mutu. In ba ta kama ba, matsalar tana cikin waya.

Na atomatik ya fi ɗaukar hankali, ga shi da dama daga cikin motocin Beljiyam da ke yawo tsakanin Bosso, Tunga da Chanchaga a Minna atomatik ne. Wannan makunni shi ke hana kik juyawa sai liba tana kan P ko N, shi ke kunna fitilar ribas, shi ke kuma gaya wa kwamfutar mota giyar da ake ciki. A Toyota Camry da Corolla yana waje, daidai inda kebul ɗin giya ya sauka a kan giyabos, kuma sau da yawa sai an ɗaga gidan iska ko batir kafin hannu ya kai. Alamar cutarsa sananniya ce: an murɗa makulli, fitilun dashbod sun kama tar, amma kik shiru. A taka birki a mayar da liba N. In mota ta tashi, batir da kik sun fita daga zargi. Wani lokacin makunnin bai ma mutu ba, gocewa ya yi. Notinsa biyu suna da ramuka masu ɗan tsawo, sai a sassauta su, a saka giya a N, a daidaita layin da ke jikinsa, a ɗaure. Wasu motocin kuwa makunninsu yana can ciki, sai an zubar da man giya kafin a gan shi.

Akwai kuma sansa mai auna gudu. Idan ta sami matsala, allurar gudu takan kwanta, giya ta riƙa shiga da fizga. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. In an jona na'ura, lambar P0705 tana nuni ga makunnin giya, P0500 kuma ga sansar gudu. Sai dai lambar layi take nunawa, ba ta ce lalle a sayi sabon kaya ba.

A Minna, sau tari wayar ce ke da laifi. Damina a nan takan kai wata shida, ruwa na shiga soket ya bar koren tsatsa, haka ma wankin injin da ruwa mai ƙarfi. Jijjigar hanyoyin Suleja da Bida tana sassauta noti tana goge waya, ɓeraye kuma na yin nasu a motar da ta daɗe a ajiye. Shi ya sa ƙwararren mai wayarin yakan wanke soket, ya gwada da mita, kafin ya aika a sayo wani abu.

Abin da ya kamata mai mota ya ƙi shi ne a ce za a yi masa "dairek", wato a haɗe wayoyin kik a tsallake makunnin. Mota za ta tashi kam, amma za ta tashi ko da tana cikin giya, ta zabura kan duk wanda ke gabanta, a gareji ko a ƙofar gida. In dole ta sa aka yi haka a kan hanya, a warware shi da zarar an iso gari.