Zarton Amurka, sarƙar Suwizalan: Yadda harajin Trump ya shafi kamfanin STIHL

Duk wanda ya taɓa ganin masu sare bishiya na aiki da zarto mai inji, da wuya bai ci karo da wani mai launin ruwan lemo da fari ba. Na kamfanin STIHL ne, wanda Andreas Stihl ya kafa a Jamus a 1926, kuma har yau zuri'arsa ce ke riƙe da shi. Hedikwatarsa na garin Waiblingen, kusa da Stuttgart.

Ban da zarto, kamfanin na ƙera injinan yankan ciyawa, da na datse shinge, da na hura busassun ganye. Cinikinsa ya haura Yuro biliyan 5 a 2024, kuma babbar kasuwarsa ita ce Amurka.

Tun 1974 STIHL ya buɗe masana'anta a birnin Virginia Beach, kuma akasarin kayan da yake sayar wa Amurkawa a can ake haɗa su. Sai mutum ya ɗauka harajin shigo da kaya da Shugaba Donald Trump ya ƙaƙaba a 2025 ba zai taɓa shi ba. Ba haka abin yake ba.

Zarton da aka haɗa a Virginia ba duka jikinsa ne ɗan Amurka ba. Sarƙar da ke cin itacen a Suwizalan ake ƙera ta, a masana'antar kamfanin da ke garin Wil. Reshensa na São Leopoldo a Brazil ya shahara da yin silinda, yayin da Zama, wani kamfani mallakarsa, ke yin kafireto a China da Filifin.

A watan Agustan 2025 Amurka ta ɗora harajin kashi 39 cikin 100 kan kayan Suwizalan, ɗaya daga cikin mafiya tsanani da ta sanya wa wata ƙasa mai arzikin masana'antu. Sai a watan Nuwamba ɓangarorin biyu suka amince a sauko da shi zuwa kashi 15. Kayayyaki da dama na Brazil sun fuskanci kashi 50, haka ma ƙarfe da alminiyum.

Abin lura shi ne, sarƙa ba kayan saye sau ɗaya ba ce. Tana dakushewa, a wasa ta, ta ƙare, a sake sabuwa. Ke nan ƙarin kuɗin yana iya bin mai sana'a tsawon rayuwar injinsa. Su ma dillalai abin ya shafe su, domin STIHL ya daɗe da zaɓar sayar da kayansa ta hannun shagunan da ke iya gyara, maimakon manyan kantuna irin su Home Depot.

Mayar da aikin sarƙa Amurka kuwa ba abin kwana ɗaya ba ne. Yana buƙatar injina na musamman da ma'aikatan da suka shekara suna yi.

Ga kuma wata matsalar daban. Jihar Kalifoniya ta yi dokar daina sayar da yawancin sabbin ƙananan injinan fetur tun daga samfurin 2024. Kamfanin ya ce yana son kashi 80 cikin 100 na abin da zai riƙa sayarwa a 2035 ya zama mai batir, har ya gina masana'antar irin waɗannan kaya a Oradea da ke Romaniya. Sai dai galibin ƙwayoyin batir na duniya daga Asiya suke fitowa, su ma sai sun bi ta hannun kwastan.